Ka Raba Kwaɗo, Ka Riƙe Makulli

Duk wanda ya shiga koyon rubuta manhaja, ko a jami'a ko a cibiyoyin koyon kwamfuta da ke ta buɗewa a Kano da Kaduna da Yamai, ba zai daɗe ba malaminsa zai ce masa ya buɗe asusu a GitHub ko GitLab, sannan ya haɗa makulli. Aiki ne na 'yan mintuna. Ɗalibi zai kwafo umarnin daga wani shafi, ya manna a baƙin allon nan da ake buga wa kwamfuta umarni, ya yi ta danna Enter har tambayoyin su ƙare, ya ga abu ya yi aiki, ya wuce darasi na gaba. Da wuya ka ga wanda ya tsaya ya tambayi abin da hannunsa ya yi. Wannan yana damuna, domin a cikin 'yan mintunan nan akwai wani tsari na amana tsakanin mutanen da ba su san juna ba, wanda duk mai fahimtarsa sai ya sake duba yadda yake riƙon sirrinsa har a wajen kwamfuta.

Abin da ake kullewa shi ne rubutu. Manhaja rubutu ce, layi bisa layi, kuma ba kasafai mutum ɗaya ke rubuta ta shi kaɗai ba. A shekarar 2005 Linus Torvalds, mutumin Finland da ya assasa Linux, ya ƙirƙiri Git domin ɗimbin masu aiki a kan Linux su riƙa gyara rubutu ɗaya ba tare da sun tattake aikin juna ba, a kuma san wa ya canja wane layi, a wace rana. A 2008 aka buɗe GitHub, rumbu a intanet inda ake ajiye irin wannan rubutu, kowa ya ɗebo ya yi aikinsa ya mayar. Darajarsa ta kai a 2018 kamfanin Microsoft ya saye shi a kan dala biliyan 7.5. Abin da ke cikin irin wannan rumbu dukiya ce, kuma haɗarin bai tsaya ga sata ba. Wanda ya samu damar rubutu a ciki yana iya cusa layi biyu a manhajar da jama'a za su sauke a wayoyinsu gobe, ba wanda ya ankara. Shi ya sa komai ya rataya a kan tambayar bakin ƙofa: wane ne kai, kuma da me za ka tabbatar?

Tsohuwar amsa ita ce kalmar sirri, ita kuwa aibinta a jikinta yake. Ba ka da hanyar nuna ka san ta sai ka faɗe ta. Duk shigar da za ka yi, sai ta bar hannunka ta bi waya ta isa wurin wani. A 1995 aka dasa manhajar saurare a hanyar sadarwar Jami'ar Fasaha ta Helsinki, ana ta tsintar kalmomin sirrin mutane suna wucewa, domin kayan aikin wancan zamani, irin su telnet da rlogin, tsirara suke aika su. Wani mai bincike a jami'ar, Tatu Ylönen, ya ga ɓarnar, ya zauna ya rubuta SSH, ya sake ta kyauta a wannan shekarar. A 1999 masu aikin OpenBSD suka fitar da OpenSSH, wadda a yau take zuwa cikin kwamfutocin Linux da Mac, har da Windows na baya-bayan nan. SSH ta lulluɓe hanya, mai kasa kunne ya daina jin komai. Amma ko a lulluɓe, kalmar sirri tana isa hannun wanda ke ɗaya ƙarshen, in kuwa na bogi ne ke zaune a can, ta tafi ke nan.

Ba sai an je Finland za a ga wannan aibi ba. Tsaya ɗan lokaci a gefen mai POS a bakin kasuwa. Dattijo zai miƙa kati, idonsa ba ya rabe lambobin sosai, yaro ya ce, "Baba, faɗo lambar in danna maka." Ya faɗa da ƙarfi, ga mutane tsaye a layi. Yaron ba mugu ba ne, taimako ya nufa, dattijon ma ba sakarai ba ne. Tsarin ne ya tilasta masa furta sirrinsa kafin a yarda da shi, kuma daga wannan lokaci lambar ta daina zama tasa shi kaɗai.

Mafitar ta girmi SSH da kusan shekara ashirin. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman na Jami'ar Stanford a Amurka suka wallafa wata shawara da ta juya lamarin: a raba makulli gida biyu, ɗaya a bayyana wa duniya, ɗaya a ɓoye, lissafi ya ɗaure su ta yadda fitar da na fili daga na ɓoye abu ne na ƙiftawar ido, amma komawa na ɓoye daga na fili ya fi ƙarfin kwamfutocin da ake da su. A 1977 Rivest da Shamir da Adleman na MIT suka fito da hanyar da ta ɗauki harufan sunayensu, RSA. Wani ma'aikacin hukumar leƙen asirin Birtaniya, Clifford Cocks, ya riga su gano irinta a 1973, sai dai gwamnati ta rufe maganar har 1997.

Ɗan kasuwar da ke ajiye kaya a siton wani ya san wannan ba tare da lissafi ba. Akwai mai siton da zai ce ka bar masa makulli ya riƙe maka. Akwai kuma wanda zai ce ka zo da kwaɗonka ka maƙala a ƙofar ɗakin da aka ware maka, makullin kuma ka tafi da abinka. A tsari na biyu kwaɗon yana rataye a fili, duk mai wucewa yana ganinsa, ya taɓa, ya jujjuya, bai ƙaru da komai ba. In ɓarawo ya lalube aljihun mai siton ba zai samu makullinka ba, domin ba ka taɓa ba shi ba. Bambancin kawai shi ne kwaɗon kwamfuta ana iya buga kwafinsa a rataya a ƙofa ɗari, makulli ɗaya yana buɗe su duka.

Ga yadda abin yake a kan allo. Za ka buga ssh-keygen -t ed25519, kwamfuta ta tambaye ka inda za ta ajiye, sannan ta haifi fayil biyu a wata ɓoyayyar folda mai suna .ssh. Sunansu iri ɗaya ne, id_ed25519, sai dai ɗaya yana da .pub a ƙarshe. Buɗe mai .pub ɗin ka gani: layi ɗaya ne tak, ya fara da ssh-ed25519, sai wasu harufa da lambobi a cakuɗe, sai sunan kwamfutarka ko adireshin imel a wutsiya. Wannan shi ne kwaɗon. Shi za ka kwafa ka manna a shafin saitin asusunka. Don ka san iyakar rashin sirrinsa, GitHub da kansa yana nuna wa kowa: rubuta adireshin shafin wani ka ƙara .keys a ƙarshen sunansa, sai ga kwaɗunansa a jere. Ɗaya fayil ɗin, wanda ba shi da wutsiya, shi ne makullin, kuma ba shi da wurin zuwa ko'ina. Nau'in Ed25519, wanda Daniel Bernstein da abokan aikinsa suka fitar a 2011, ya shiga OpenSSH a 2014. Ya fi RSA gajarta da sauri, shi ya sa yawancin malamai yanzu shi suke koyarwa.

Abin da ke faruwa in ka zo shiga shi ne abin da ya fi burge ni. Kwamfutarka za ta ce wa rumbu, ga kwaɗon da nake iƙirarin nawa ne. Rumbu ya duba ya ga lallai yana rataye a asusun wane. Sai kwamfutarka ta ɗauki wasu bayanai da suka keɓanta ga wannan haɗuwar kaɗai, ta sa musu hannu da makullin, ta aika sa hannun. Rumbu ya gwada shi da kwaɗon, ya dace, ƙofa ta buɗe. Makullin bai motsa daga inda yake ba. Wanda ya tare sa hannun a hanya bai samu abin amfani ba, domin ba zai yi aiki a wata haɗuwar ba. Ka tabbatar da kanka, ba ka miƙa komai ba. Daga ranar 13 ga Agustan 2021 GitHub ya daina karɓar kalmar sirrin asusu wajen ɗebowa da mayar da aiki ta Git. Ko dai makulli, ko wata doguwar lambar izini da ake iya sokewa.

Iyakar abin da lissafi zai yi maka ke nan. Saura yana hannun mai makulli, kuma a nan ne ake yawan faɗuwa.

Cikin tambayoyin da ɗalibi ke tsallakewa da Enter akwai wadda ke cewa ya sa wa makullin jimlar sirri. In ya bar wurin fayau, fayil ɗin yana zaune a buɗe, duk wanda ya kwafe shi ya zama shi. Ka tuna inda kwamfutocinmu ke zuwa. Tana kwana a shagon mai gyara saboda allo ya fashe. Abokin ɗaki yana ara ya kalli ƙwallo. Ana mantawa da ita a adaidaita-sahu. Ana sayar da ita ba a goge komai ba. Kuma satar fayil ba ta barin gurbi. Abin da aka ɗauke maka a aljihu, kana laluba ka ji wayam, ka san an yi maka ɓarna, ka ɗauki mataki. Fayil kuwa ana kwafe shi a filasha cikin daƙiƙa ɗaya, naka yana nan daram, kana ci gaba da aiki da shi wata da watanni alhali kun zama ku biyu. Jimlar sirrin tana kulle fayil ɗin da kansa, kuma ita ba ta bin waya zuwa ko'ina, a cikin kwamfutarka take aikinta. Masu cewa buga ta a kowane lokaci wahala ne, an daɗe da share musu hawaye: akwai ssh-agent, wanda kake buɗe wa makullin sau ɗaya ya riƙe maka har ka tashi. Ita ma SSH ba ta wasa da wannan fayil. In ta ga an bar shi yadda sauran masu amfani da kwamfutar za su iya karantawa, sai ta yi gargaɗi da manyan harufa ta ƙi taɓa shi, har sai ka buga chmod 600 ka mayar da shi naka kai kaɗai.

Wata faɗuwar ta fi wannan wuyar magani, domin daga kirki take fitowa. Aiki ya matse, dare ya yi, ƙaramin ma'aikaci ya ga "Permission denied" a allonsa, sai ya rubuto wa babba: "Yaya, don Allah turo min makullinka ta WhatsApp in tura aikin nan, nawa ya ƙi." A tarbiyyarmu ƙin irin wannan roƙo yana da nauyi. Kamar ka ce masa ba ka yarda da shi ba ne, ko a ce kana da rowa. Sai babban ya tura, fayil ɗin ya zauna a waya biyu, da ma'ajiyar da wayoyin ke zuba kwafinsu, har abada. Alhali tsarin ya tanadi amsar da ta fi wannan mutunci: "Ƙanena, haɗa naka ka sa kwaɗon a asusunka, yanzu zan ba ka izini a rumbun." Ba ta fi ɗaya amsar cin lokaci ba. Ni a ganina wannan ita ce amsar mai ƙaunar yaron. Ranar da wani abu ya lalace a rumbu aka zo bincike, in mutum uku ke shiga da makulli ɗaya, zargi zai hau kan ukun, kuma mun san wanda ya fi saurin hawa: ƙarami, sabon zuwa, wanda ba shi da mai tsaya masa. In kowa da nasa, rajista za ta nuna wanda ya shiga, mai gaskiya ya kwana lafiya. Sau da yawa abin da ke raba abokan sana'a ba cin amana ba ne, zargin da aka rasa hanyar wankewa ne.

Har injuna ana yi musu haka. Kwamfutar da aikinta kawai ta ɗebo manhaja ta ɗora wa jama'a, ana yanka mata nata makullin, a ɗaure shi ga rumbu ɗaya, a ba shi ikon karatu ban da rubutu. In an fasa ta, ɓarnar ta tsaya nan.

Sai kuma tambayar da aka fi rainawa. Karon farko da ka buga ssh -T git@github.com don gwaji, kafin rumbu ya gaishe ka da sunanka, SSH za ta tsaya ta ce ba ta san wannan da kake son shiga wurinsa ba, ga zanen yatsansa, wasu harufa da suka fara da SHA256, shin ka tabbata a ci gaba? Kusan kowa yes yake bugawa ido rufe. Amma dubi abin da tambayar ke nufi. Shi ma rumbun yana da nasa makulli da kwaɗo, kuma kamar yadda yake neman ka tabbatar da kanka, kai ma kana da haƙƙin ya tabbatar maka da kansa. GitHub da GitLab duk sun wallafa zanen yatsansu a shafukansu don a gwada. Da zarar ka amince, SSH za ta rubuta shi a fayil ɗin known_hosts, kuma daga ranar duk zuwan da za ka yi sai ta duba ko shi ne dai na jiya.

A watan Maris na 2023 masu aiki da GitHub da yawa a faɗin duniya suka wayi gari da wani gargaɗi mai firgitarwa a allo, cewa shaidar rumbun ta canja, mai yiwuwa wani ya shiga tsakani. Kamfanin ya fito ya yi bayani: makullinsa na RSA ya bayyana na ɗan lokaci a wani buɗaɗɗen rumbu bisa kuskure, don haka ya soke shi ya yanka sabo. Abu biyu na ɗauka daga wannan. Na farko, kamfanin bai tsaya ga cewa ai an goge, ba wanda ya gani ba. Makullin da ya taɓa fita, ko na minti ɗaya ne, ya mutu. Wannan ya fi tsanani a Git, wanda aka gina shi don kada ya manta: in ka tura makulli cikin rumbu bisa kuskure ka goge shi daga baya, yana nan kwance a tarihin aikin, mai nema zai tono shi. Na biyu, gargaɗin ya yi aikinsa, amma amfaninsa ya tsaya ga wanda ya je ya gwada sabon zanen yatsan da wanda kamfanin ya sanar. Wanda ya nemo umarnin da ke kashe gargaɗin ya manna, a wannan karon ya tsira, domin canjin na gaskiya ne. Ranar da ba na gaskiya ba, hannunsa zai yi abin da ya saba.

Wannan haƙƙi na tambayar mai tambaya shi muka fi sakaci da shi a rayuwar yau da kullum. Waya za ta yi ƙara, murya mai ladabi ta ce daga banki ne, an ga matsala a asusunka, karanto lambar da aka turo maka yanzu. Shi ya nemi shaida, mu kuma kunya ta hana mu neman tasa. Bankuna sun sha nanata cewa ba sa neman lambar sirri ta waya, duk da haka ana ci gaba da kwashe wa mutane kuɗi ta wannan hanya, domin mun saba ɗauka cewa mai tambaya shi ne mai iko. SSH ba ta ɗauki haka ba. Kafin ta gabatar da kai, sai ɗaya ɓangaren ya fara gabatar da kansa.

Akwai ranar da laifin ba na mai riƙo ba ne sam. A 2006 wani mai kula da manhajar OpenSSL a tsarin Debian ya cire wasu layuka don ya kashe ƙorafin da wata manhajar bincike ke yi, bai san ya toshe maɓuɓɓugar da ake ɗebo lambobin da ba a iya hasashensu don haɗa makulli ba. Sai a watan Mayun 2008 Luciano Bello ya gano. A tsakanin nan, duk makullin da aka yanka a nau'ikan Debian da Ubuntu da abin ya shafa ya fito ne daga cikin 'yan dubbai kaɗan, kusan 32,767 ga kowane nau'i da girma, adadin da kwamfuta ke iya jerawa ta gwada ɗaya bayan ɗaya. Dole kowa ya sake sabo. Yanka sabon bai ba kowa wuya ba. Wuyar ita ce tuna duk ƙofofin da aka rataya tsohon kwaɗon a cire shi, kuma a nan ma'aikatu da yawa suka gane ba su da lissafin ƙofofinsu.

Ylönen da kansa ya shafe shekaru yana jan kunne a kan wannan, har ya shiga cikin marubutan wani rahoto da hukumar NIST ta Amurka ta fitar a 2015 game da kula da makullan SSH. Makullin SSH na yau da kullum ba shi da ranar ƙarewa. Ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki ya gama ya koma makaranta, mai bautar ƙasa ya karɓi takardarsa ya tafi, wanda aka ɗauka kwangilar wata uku ya kammala, an yi sallama da addu'a, amma kwaɗunansu suna nan a fayil ɗin authorized_keys na kwamfutar ma'aikata. Ba wanda ya cire, wani lokaci don mantuwa, wani lokaci don ana jin nauyin a ce an kori mutumin kirki. Shi mutumin yana nan da kirkinsa, amma kwamfutar da makullin ke ciki wa ya san hannun da take yanzu? Cire kwaɗonsa sauke masa nauyin da bai san yana ɗauke da shi ba ne. GitHub yana goge makullin da ya shekara ba a yi amfani da shi ba, amma kwamfutar ma'aikatarku ba mai share mata sai ku.

Shafin makullai na GitHub yana nuna kowane kwaɗo da sunan da ka ba shi, da ranar da aka sa shi, da lokacin da aka yi amfani da shi na ƙarshe. Shi ya sa yake da kyau kowace kwamfuta ta samu nata makullin, a kuma ba shi sunan da za a gane, kamar "ta ofis" ko "HP ta gida", maimakon a bar wurin da "key1". Ranar da ɗaya ta ɓata, nata kaɗai za ka soke, sauran su ci gaba da aiki. In ka buɗe shafin ka tarar da wanda ka kasa tuna kwamfutar da yake kai, goge shi. Idan ashe ana buƙatarsa, aiki zai tsaya ya sanar da kai, yanka sabo kuma umarni ɗaya ne.